Ajiya da Masu Riƙonta: Daga Ɗakin Goro na Salaga zuwa Ɗakin Kwamfuta na Chereponi

Garin Chereponi, wanda yake arewa maso gabashin Ghana daf da iyakar Togo, yana tsakanin Sansanne Mango da Yendi, wato a yankin da ayarin fatake suka riƙa ratsawa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja a ƙarni na 18 da na 19. Anufo, waɗanda maƙwabtansu ke kira Cakosi, zuriyar mayaƙa ne da suka taso daga ƙasar Anno, a cikin Kwaddibuwa ta yau, wajen tsakiyar ƙarni na 18, suka yi wa sarakunan Gwanja da na Mamprusi yaƙi, daga bisani suka zauna a Mango a bakin kogin Oti, suka bazu har Chereponi. Garin bai taɓa zama kasuwa mai girman Salaga ba, kuma sai a shekarar 2008 ya zama hedikwatar gunduma mai cin gashin kanta bayan an raba shi da Saboba. Amma tun daga lokacin ofisoshin gwamnati suka yawaita a cikinsa, tare da na'urorin da akan bar su a kunne bayan ma'aikata sun tashi. Matsalar dukiyar da mai ita ba ya kusa tsohuwa ce a wannan yanki, kuma hanyoyin da aka bi wajen magance ta suna da tarihin da ya cancanci a bi diddiginsa.

Fataucin Gwanja, kamar yadda Hausawa suka san shi, fataucin goro ne. Goron yana fitowa ne daga dazuzzukan ƙasar Tonawa, wato Asante, kuma tun bayan da sarkinsu Opoku Ware ya rinjayi Gwanja da Dagomba a rabin farko na ƙarni na 18, sarakunan Kumasi suka fi son a yi cinikin a arewacin daularsu maimakon a bar baƙi su kutsa cikin daji, abin da ya sa Salaga, a ƙasar Gwanja, ta zama mahaɗar da goro ke fitowa ya tarar da masu saye. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan sana'a, suna tasowa daga Kano da ƙauyukanta da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi rinannu da kayan fata, su bi ta Jega ko Yawuri, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, sannan su gangaro ta Mango da Yendi. Madugu ke jagorantar ayari, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki kuma yana kula da biyan fito da kuɗin hanya ga sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. Baturen matafiyi Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826 yana komowa daga Gwanja, da mutane kimanin dubu. Tafiyar takan ci watanni a kowane ɓangare, kuma idan aka haɗa da zaman jiran kaya a Salaga, falke yakan shafe kusan shekara bai ga gida ba.

Wannan doguwar zama ita ta haifar da mai gida, wanda shi ne ginshiƙin tsarin ajiya gaba ɗaya. Mai gida a ma'anar fatauci mazaunin zango ne wanda yake da gidaje da ɗakuna, yana sauke baƙo, ya ciyar da shi, ya karɓi kayansa ya adana, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa idan an sayar da kaya bashi. Ba a biyan kuɗin ɗaki daban. Abin da mai gida ke samu yana fitowa ne daga la'ada, wato kason da ake cirewa a kan kowane ciniki da aka ƙulla a gidansa, saboda haka arzikinsa ya rataya ne a kan dawowar baƙon baɗi da kuma labarin da baƙon zai bayar a Kano ko Jega. Mutumin da kaya suka taɓa salwanta a hannunsa ba tare da gamsasshen bayani ba, ayari mai zuwa yakan wuce ƙofarsa ya sauka a gidan maƙwabcinsa, kuma babu hukuncin alƙali da ya kai wannan zafi ga wanda sana'arsa ke nan. Polly Hill, wadda ta yi nazarin masu gida a Kumasi, da Abner Cohen, wanda ya yi nasa a Sabon Ibadan, sun tarar da tsarin yana nan da ransa a shekarun 1960, bayan mota da jirgin ƙasa sun maye gurbin jaki.

Ginin gidan ma yana cikin tsaron. Mai shiga dole ya bi ta zaure, inda mai gida ko yaransa ke zaune yini guda, daga nan ya wuce shigifa kafin ya kai ɗakunan ciki, ta yadda babu ƙunshin da zai fita ba tare da ya wuce ta gaban idon wani ba. Ƙofar ɗakin kaya tana da sakata, wani lokaci da kwaɗo, amma abin da ya fi hana ɓarawo shi ne kasancewar wani yaron gida yana kwana a bakin ɗakin ko a cikinsa. Kuɗin zamanin, wato wuri, yana da nauyi da cika wuri, domin keso guda wuri dubu ashirin ne, kuma sace shi da yawa aiki ne da ba ya yiwuwa a ɓoye. Babbar barazana ita ce gobara, domin galibin rufin zango na ciyawa ne, iskar hunturu kuma takan kwashi wuta daga wannan gida zuwa wancan cikin ɗan lokaci, shi ya sa attajiran da suka samu hali suka riƙa gina ɗakin soro mai rufin ƙasa domin kayan da suka fi daraja. Wajibi ne a ambata cewa cikin abin da aka riƙa tsarewa a gidajen Salaga har da 'yan Adam, domin garin ya kasance ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na yankin, kuma mari da sarƙoƙin da suka rage a garin shaida ne cewa amanar da ake yabon masu gida da ita ba ta kai ga waɗanda aka ɗaure a bayan gidajensu ba.

Abin da ya bambanta ajiyar Gwanja da sauran ajiya shi ne halin goro kansa. Kanwa ko turmin tufafi ana iya kulle su a manta da su wata shida, amma goro abu ne mai rai, wanda yake bushewa idan ya sha iska da yawa, yake ruɓewa idan ruwa ya yi masa yawa, kuma yake zufa ya lalace idan aka toshe shi a wuri mai zafi. Saboda haka akan shimfiɗa ganyen fita a kwando ko a huhu, a jera goron a ciki, a rufe shi yadda zai riƙe laima ba tare da ya shaƙe ba, sannan a ajiye a ɗaki mai sanyi nesa da rana. Bayan 'yan kwanaki sai a kwance, a zazzage, a tsince wanda sankara ta kama, wato ƙwaron da ke huda goro ya bar shi da baƙin rami, domin ƙwaya ɗaya mai sankara tana iya ɓata huhu guda. A canja ganyen da ya bushe, a yayyafa ruwa gwargwado, a sake ɗaurewa. Ana ƙidaya shi da ƙwarya, wato goro ɗari, ta yadda duk lokacin da aka kwance aka ɗaure an san adadin da ya rage da wanda aka zubar. Wannan aiki ba ya tsayawa ko a Salaga ko a kan hanya, kuma a kowane zango akwai wanda aikinsa ke nan. Ma'anar ajiya a wannan sana'a ta ƙunshi tsarewa daga ɓarawo da kuma renon abin da aka ajiye, kuma mutum ɗaya ne ke amsa tambaya a kan duka biyun. Kwamfutar da aka bari tana aiki da dare ta fi kama da goro fiye da kanwa, domin ita ma tana buƙatar iska da sanyi da mai leƙawa, kuma ƙofar da aka rufe ruf don tsoron ɓarawo tana iya zama sanadin mutuwarta.

Al'adar ba ta tsaya da ƙafarta kaɗai ba, domin malaman zango sun karanta hukuncin wadi'a, wato ajiya, a littattafan mazhabar Malikiyya irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil. A taƙaice, wanda aka ba ajiya amintacce ne a idon shari'a, ba ya biyan abin da ya salwanta sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, kamar ya yi amfani da kayan ba da izini ba ko ya ajiye su a inda ba a saba ajiye irinsu ba. Idan ya ce kayan sun ɓata akan gaskata shi, haka nan idan ya ce ya mayar, sai dai idan tun farko a gaban shaidu aka damƙa masa, to a nan sai ya kawo shaidun mayarwa. Akwai kuma batun hirzi, wato ma'ajin da ya dace da kowane irin kaya, wanda hukuncin sata ya dogara a kansa. Hikimar wannan tsari ita ce ya raba asarar da ta fi ƙarfin mutum da asarar da ta fito daga sakacinsa, kuma ya sa shaida da rubutu su zama kariya ga ɓangarorin biyu. Alhaji Umaru, Bakanon malamin da ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya rubuta littafi a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, abin da ke nuna matsayin takarda a rayuwar mutanen da harkokinsu suka rataya tsakanin garuruwa masu nisan watanni.

Tsarin ya jure wa ɓarawon dare, amma bai jure wa rushewar gari ba. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta yi tawaye ga Tonawa, su kuma suka karkatar da goro zuwa Kintampo da wasu kasuwanni, Salaga ta fara ja da baya. A 1892 rikicin sarautar Kpembe, daf da Salaga, ya zama yaƙin basasa, aka washe Salaga, fatake da malamai suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi da Akara, kuma duk ajiyar da ke ɗakunan masu gida ta tafi tare da ɗakunan. A ƙarshen 1896 Jamusawa suka ci Dagombawa a Adibo suka shiga Yendi, sannan yarjejeniyar 1899 ta raba yankin, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi da Mango da Chereponi suka shiga Togon Jamus har zuwa 1914. Abin da ya tsira daga wannan guguwa shi ne abin da ba ya ɗaki ɗaya, wato bashin da ke kan abokan ciniki a wasu garuruwa da sunan da mutum ya yi, wanda ya ba shi damar sake buɗe gida a sabon zango.

Mulkin mallaka ya zo da wani salon tsaro, wanda ya dogara ga ƙarfe da takarda da albashi. Kantunan kamfanonin Turawa da baitulmalin hukumomin gargajiya, waɗanda aka kafa a arewacin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a shekarun 1930, sun zo da akwatin ƙarfe da littafin sito da mai gadi, kuma 'yan arewa, Hausawa da Zabarmawa da Mosawa da sauransu, su ne suka cika wannan aiki na gadi a biranen kudu. Banki ma ya shigo cikin lissafi, kuma labarin Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga gidan Agalawa ya fara da fataucin goron Gwanja, da azurfar da ya kai bankin Turawa a Kano a kan raƙuma a 1929, ya zama alamar sauyin zamani. Sai dai akwai abin da aka rasa a wannan sauyi. Mai gadi yana tsaron ƙofar da bai san abin da ke bayanta ba, mai sito yana riƙe da littafi amma ba ya kwana a wurin, shugaban ofis yana sa hannu amma ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin a gano asara. Nauyin da ke kan mutum ɗaya a gidan Salaga ya rabu kashi uku ko huɗu, kowane kashi kuma yana da hujjar cewa laifin na wani ne. Tsohon tsarin bai mutu ba a kasuwannin shanu da albasa na Bawku da zangunan Yendi, kuma a 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin ƙasar, da yawa daga cikin waɗanda suka tafi a hannun maƙwabta da masu gida suka bar abin da ba su iya ɗauka ba.

Kwamfuta ta iso ofisoshin yankin a makare, saboda wutar lantarki ma a makare ta iso. An kammala dam ɗin Akosombo a 1965, ruwansa ya cinye tsohuwar Kete-Krachi, amma sai a ƙarshen shekarun 1980 babban layin wuta ya fara shiga arewa, kuma ƙananan garuruwa sun jira fiye da haka. Abin da ya cika ofisoshin gunduma da na'urori shi ne jerin shirye-shiryen gwamnati: inshorar lafiya ta ƙasa da aka kafa da dokar 2003, rajistar masu zaɓe ta hanyar ɗaukar hoton yatsu a 2012, tsarin tattara alƙaluman lafiya na gundumomi ta intanet, da katin ɗan ƙasa. A 2015 aka kammala shimfiɗa wayar sadarwa ta ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kusan kilomita 800 daga Ho zuwa Bawku, tare da reshe daga Yendi zuwa Tamale, da tallafin ƙasar Denmak. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ba a kashe su da yamma, musamman uwar kwamfuta, wato babbar na'urar da sauran ke ajiye bayanai a cikinta, da akwatin da ke rarraba intanet, domin da dare ne suke aika bayanai zuwa Akara ko suke kwafe aikin yini.

Abokan gaban wannan kaya a Chereponi ko Yendi ko Bawku sun fi ɓarawo yawa. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, kuma ɗakin da aka toshe tagoginsa, mai rufin kwano, da na'ura tana huci a ciki, yakan fi waje zafi idan na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa ta toshe fankar da ke fitar da zafin kwamfuta, tsawar damina tana bin wayoyi ta ƙone abin da ba a haɗa shi da sandar ƙasa ba, ɓeraye suna cin waya, gara tana cin katakon da aka ɗora kaya a kai. Shekarun dumsor, wato ɗauke wutar da ya addabi Ghana daga 2012 zuwa 2016, sun koya wa ofisoshi cewa dawowar wuta da ƙarfi ta fi ɗaukewarta ɓarna. Daga nan ne kayan da a yau ake ganin dole ne suka samu gindin zama: sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, na'urar riƙe wuta mai batir wadda ke ba kwamfuta 'yan mintoci ta rufe kanta lafiya, inbata da farantan sola, da kabad ɗin ƙarfe mai huji-huji wanda ake kullewa amma iska na ratsa shi, a ɗaure shi da bango ko a ɗaga shi daga ƙasa. Batir kansa abin lura ne, domin zafi yana rage masa kwana, kuma wanda ya kumbura a ɗakin da babu kowa yana iya tada gobara. Ƙarafunan taga da ƙofar ƙarfe suna hana ɓarawo shiga, amma suna hana maƙwabta shiga kashe wuta idan makullin yana aljihun wanda ya tafi Tamale hutun ƙarshen mako.

Akwai kuma bambanci guda da ba shi da misali a tsohon zamani, wato cewa abin da ke cikin na'urar ya fi na'urar daraja, kuma ana iya sace shi ba tare da an ɗauke komai daga ɗakin ba. Sunaye da hotunan yatsu da bayanan rashin lafiyar dubban mutanen gunduma ajiya ce da talakawa suka damƙa wa hukuma ba tare da zaɓi ba, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsare su daga ɓata da lalacewa da idon wanda ba shi da izini. Kalmar sirri da kulle allo da juya bayanai zuwa lambobin da ba sa karantuwa sai da mabuɗi su ne sakata da kwaɗon wannan ɓangare, amma takardar da aka rubuta kalmar sirri aka manna a jikin tebur tana warware su duka. A 2024 Hukumar Zaɓe ta Ghana ta tabbatar da ɓacewar kwamfutoci biyar na tafi-da-gidanka daga kayan rajistar masu zaɓe, kuma muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga abin da ke cikinsu da waɗanda ke da ikon isa gare su, domin kowa ya san da ɗan gari akan ci gari. Gobarar da ta cinye ginin Ma'aikatar Harkokin Waje a Akara a 2009, da rikicin Anufo da Konkomba wanda ya ƙone gidaje ya kori jama'a a gundumar Chereponi a 2019, sun nuna cewa kwafin bayanan da aka ajiye a ɗaki ɗaya da asalinsa ba shi da amfani a ranar da ginin ya tafi ko ma'aikata suka gudu.

Raunin da ya fi yawa a ƙananan ofisoshi bai shafi rashin kaya ba kamar yadda ya shafi rashin mai amsa tambaya. Injiniyan da ya kafa na'urar yana Tamale ko Akara, mai sito ya san lambarta a littafi kawai, mai gadi kuma, wanda shi kaɗai ne ke wurin daga magariba zuwa asuba, sau da yawa ba a taɓa nuna masa ma'anar ƙarar da na'urar riƙe wuta ke yi ba, ba a ba shi lambar wayar da zai kira ba, albashinsa kuma shi ne mafi ƙanƙanta a ginin. Gyaran wannan bai kai tsadar janareta ba. Ya ƙunshi a ambaci ma'aikaci ɗaya da sunansa a rubuce a matsayin mai riƙon ɗakin, a ajiye makulli na biyu a hannun wani sananne da ke kwana a cikin gari, a buɗe littafin da duk mai shiga zai sa hannu da lokaci, a sa ranar da za a share ƙura a gwada batir a kowane wata, sannan idan an yi wa mai riƙon canjin wurin aiki, ya ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu, a canja kalmomin sirri a ranar, kafin wanda ya gaje shi ya karɓi makulli.